Ƙafar Keke a Aboabo

Rumfata na bakin titi a Aboabo,
tsakanin mai shinkafa da wake da mai cajin waya.
Shekara ashirin da ɗoriya ina miƙe ƙafar keke,
har na iya karanta ta kamar wasiƙa:
wannan rami ne ya cije ta,
wannan ƙofar tasi ce aka buɗe ba a waiga ba,
wannan kuwa, da ta naɗe kamar tabarma,
ba na neman labari a bakin mai ita.
Ba shi ke kawo ta ba.

Keken Sumaila na rataye a ƙusa tun Sha'aban.
Shi ke ɗauko burodi daga Asawase kafin assalatu,
akwati a baya ya ɗara kansa tsawo,
ƙararrawa a yatsa, sallama a baki.
Ran da aka jawo min keken, burodin na ciki,
bakwai sun baje, sauran ko ƙwarzane.
Ƙafar keken na miƙe ta kafin la'asar.
Tasa kuwa, wata huɗu likitoci na fama,
yau da sanda yake zuwa ya zauna kan bencina,
yana duban ƙusa, ba ya cewa a sauko da shi.

An ce akwai doka. Na yarda, na ji a rediyo:
in mai ƙafa ya taka farin zane, mai mota ya dakata,
gaban makaranta a sassauta gudu,
mai keke a bar masa gefensa.
Amma doka gishiri ce,
in ta zauna a kwano ba ta san miya ba.
Namu farin zanen tayoyi sun lashe shi,
sai ɗan tabo, kamar allon da aka wanke.
Inna Barikisu mai koko takan tsaya a kai
da bokiti a ka, hannu a sama,
ta ƙirga mota talatin, kokon na hucewa,
kafin ta sayar da rai ta kutsa.

Jiya da hantsi sai ga Mutawakkilu,
direban torotoro mai zuwa Kejetia,
yana turo ɗan keke ja, sabo fil, da ledarsa.
Na 'yarsa ne, ta shiga aji huɗu,
makarantar na tsallaken titi.
Ya ce, ɗaure min birkin nan da kyau,
ka san direbobin garin nan.
Na matsa birki, na saki, na sake matsawa.
Na ce, nata lafiya lau. Naka fa?

Ya buɗe baki zai yi dariya,
sai idonsa ya kai kan ƙusa,
ya gangaro kan benci, kan sanda.
Ban ce shi ne ba. Ban sani ba.
Asuba ce, ba wanda ya riƙe lamba.
Sumaila dai ya gaishe shi, ya tambayi iyali.
Ya biya ni, ya manta canjinsa.

Yau da safe ina ɗaure sarƙa
na ji titi ya ɗauki kuka:
torotoro ta ja ta tsaya a kan tabon nan,
yaron mota na dukan ƙarfe, na baya na zagi,
fasinja na cewa rana na yi.
Bai motsa ba.
Inna Barikisu ta dube shi, ba ta yarda ba tukuna,
sannan ta ɗaga ƙafa, a hankali, kamar mai shiga rafi.

Wani mai babur ya zaga ta gefe, ya kusa taɓa zanenta.
Mota ɗaya ce ta tsaya, ban ce gari ya gyaru ba.
Kokon dai da zafinsa ya iso.
Na sayi na biyu, ni da Sumaila.