Daren da Na'ura Ta Manta Shekara

Ƙarfe biyu saura kwata aka bugo
daga asibitin Kumo:
"Bappayo, abin naka ya ƙi magana."
Na tada babur ban ko wanke ido ba.

Tun magariba aka ɗauke wuta.
Inbata ta yi iya yinta, ta sare,
janareta ya yi tari uku kafin ya yarda.
Fitila ta dawo, fanka ta dawo,
amma sabar da ke riƙe da sunayen majinyata
ta ja ƙyaure, ta ce ba ta san kowa ba.

Sista Rifkatu na tsaye a kaina da tocila.
Akwai mai naƙuda a ɗaki na huɗu,
ana son ganin abin da aka rubuta
a kan jininta watan jiya.

Na zauna gaban baƙin allo.
Ɗan farin ɗigon nan yana ƙyafta min ido,
shi ba ruwansa da gaggawa.
Na ba shi kalmar sirri, ya buɗe min zaure.
Na tambayi faifai, ka cika ne?
Ya ce da sauran wuri.
Na zaga katanga, ƙofofi yadda na bar su.
Na kashe na kunna, maganin rago,
na sake, tunda ba mai ƙirgawa.
Shiru.

Sai na koma kundin da take rubuta ƙorafinta,
ina bi layi-layi
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na zargi hannuna na ranar Laraba,
na buɗe fayil ɗin saiti,
waƙafi na nan, aya na nan,
gumi ne kawai ya sauya wuri.

Rifkatu ta miƙo yatsa:
"Wancan kwanan watan fa, daidai yake?"

Ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da saba'in.

Ashe baiwar Allah ta farka ne a shekarar
da ko mahaifiyata ba a yaye ta ba.
Ta dubi takardar shaidarmu,
ta ga ranar da ba ta zo ba tukuna,
ta ce ƙarya muke. Ina laifinta?

Batirin agogonta, mai faɗin kwabo,
ya mutu ba sallama.
Wa zai buɗe maka shago a wannan dare?
Rifkatu ta ja durowa,
ta zaro na ajiya na abin gwajin suga.
"Bashi ne," in ji ta.

Na kwance noti huɗu, na dasa shi,
na gaya wa na'ura yau wace rana,
na buga umarni, na riƙe numfashi.
Kore. Kore. Kore.
Sunaye suka fara shigowa kamar tumaki da yamma.

Waɗanda suka rubuta manhajar nan ban san su ba,
ko sisi ba su karɓa a hannuna ba.
Sun haƙa rijiya, sun bar guga a baki,
sun ce in igiya ta tsinke, ga yadda ake ƙulla ta.
Ban san da wane yare zan yi musu godiya ba.

Ana kiran assalatu na rubuta a bayan kwali:
a riƙa duba agogo tukuna.
Na manna a jikin akwatin.

Daga ɗaki na huɗu wata sabuwar murya ta tashi,
Rifkatu ta shigar da ita da kwanan wata na gaskiya.
Na duƙa zan ɗauki jakata,
sai na ga ƙafata ta hagu
sanye da silifas ɗin matata.