Manazarta

Mushe Alkasum ya sauke tabarau,
ya dunguri memuwar tawa da jan biro:
"Zabairu, magana ba ta faɗowa daga sama.
Wa ya faɗa? Wace shekara? Wane shafi?
Ko tari ka aro, rubuta sunan mai shi."

To, mushe.
Na koma ɗakina a Harobanda, na ɗora shayi.

Batuna albasar Galmi ne,
yadda kuɗinta ke hawa kafin ta iso Katako.
Wadda ta fi kowa sani kakata ce.
Sai na rubuta: Gwamma, buɗe baka,
shekarar da fara ta cinye hatsi, rufe baka.
Wurin bugawa: gindin bedi, bayan la'asar.
Bugu na biyu ya ƙaryata na farko,
don ranar ba ta samu goro ba.

A hanyar Doso na ga bayan tirela:
"Bashi hanji ne."
Ya dace da babi na uku kamar an auna.
Wa zan ba? Direba, ko mai fenti,
ko Alhajin da har yau bai gama biyan motar ba?
Na kama lamba uku,
hayaƙi ya tafi da sauran.

Lissafin da ya fi kyau a aikin nan
a takardar tsire na tsince shi.
Maiƙo ya cinye sunan marubuci,
yaji ya zauna daidai kan shekara.
Na koma wurin mai tsire neman shafi na gaba,
ya ce ya tafi tun azahar
da wani ɗan kabu-kabu, naman jaka guda.

Akwai kuma mutumin cikin taksi
da ya warware mini zancen dillalai kaf,
ya sauka Wadata ban tambayi sunansa ba.
Na sa: Mai Shuɗiyar Hula da sauransu.
Sauransu mu biyar ne,
har da ragon da ya yi ta musu daga but.

Kawu Na'allah, Allah ya jiƙansa,
ya zo mini a mafarki da buhu a ka.
Wannan na sa shi: yana kan fitowa.

Ranar Talata na miƙa.
Mushe ya karanta, ya yi shiru, ya juya shafi,
ya rage murya:
"Ita Gwamma, wane wata ta ce albasa za ta tashi?
Ina da buhu goma a ajiye."

Na faɗa masa. Sannan na ce, "Mushe, gafara dai,
wannan ƙa'ida ta suna da shekara da shafi,
wa ya faɗe ta?"
Ya sosa ƙeya da jan biron.
Ya ce, "Haka na tarar."

Yana nan yanzu a jerin manazarta,
ƙarƙashin Gwamma, saman Kawu:
Haka Na Tarar, babu shekara, babu shafi.