Inda Burgu Ya Kwanta

Baba ya ce in faɗa masa aikina
da Hausar da ko kifi zai gane.
Muna zaune a bakin ruwan Lagdo,
yana ɗinkin koma, allura a baki,
ni kuma kwamfuta a cinya,
cajinta saura kashi goma sha ɗaya.

Na ce, Baba, karkata nake aunawa.
Can bayan taurarin da ka sani,
bayan Zara, bayan Kaza da 'ya'yanta,
akwai garke-garken taurari,
kowane garke ɗigo ne a hotona,
wani kamar ƙwai, wani kamar ƙwayar shinkafa.
Haskensu ya kamo hanya tun babu kogin nan,
tun babu duwatsun da suka riƙe shi.
Yana tafe ya bi ta gefen wani nauyi
wanda ba ya haske, ba ya inuwa,
sai hanyar ta ɗan lanƙwashe.
Ɗan kaɗan, Baba. Ɗaya cikin ɗari.
Ko maƙerin zobe ba zai lura ba.

Ya cire allura daga baki.
Ya ce, to ke yaya aka yi kika lura?

Na ce, da garke ɗaya ban isa ba.
Wa ya san yadda aka halicce shi tun farko?
Wataƙila da ma can dogo ne, kamar Kawu Barmo.
Sai na tara dubu, na tara miliyan,
in duba ko maƙwabta sun jingina gefe guda
ba tare da sun yi shawara ba.

Ya yi dariya har koma ta zame daga gwiwarsa.
Ya ce, ai wannan burgu ne.
Tsiro ɗaya in ya kwanta, ƙila karfasa ta goge shi,
ƙila dorina ta bi ta kai da dare.
Amma ki ga fadama duka ta sunkuya,
to ruwa na tafiya a ƙasa,
ko da samansa ya kwanta luf kamar faranti.
Nan ba na barin yaro ya yi iyo.

Na ce, da saura. Madubin ma yana ƙarya.
Iska ta murɗa hoto, gilashi ya ƙara nasa.
Sai in nemi taurarin kusa, masu kamar kan allurarka,
in suka fito a karkace, na san laifin gida ne.
Ya ce, mudun Hajjo mai gero ke nan,
wanda gindinsa ya lotsa.
Kafin ki zargi buhu, ki san mudunki.
Na ce, rabin shekarata a kan mudun nan ta ƙare.

Aka ɗauke wuta,
ga mu a gindin madatsar da ke haska Garwa.
Kwamfuta ta yi shiru. Muka naɗe koma.

A tsakar gida na zauna bakin rumbu.
Ɗanliti ya wuce da bokiti, ya ɗan kauce.
Tabawa ta fito da garwashi a kasko, ta kauce.
Yaran maƙwabta, su da ko sallama ba sa yi,
suka zagaye fili, fili tsantsa,
inda turmin Inna yake a da.
Shekara huɗu da ɗauke turmin,
huɗu da wata biyu da ɗauke ta.
Baba ya zo ƙarshe, yana kaɗe takalmi,
ya baude kamar mai ba wa babba hanya,
bai ma sani ba.
Akuya kaɗai ta ratsa kai tsaye.

Na ƙirga, mutum bakwai.
Bakwai ba su isa a rubuta takarda ba,
malamina zai ce in ƙaro dubu.
Na tashi in ɗebo ruwa a randa,
na kalli ƙafafuna,
suna bin hanya mai tsawo.