Ajin Dare a Ƙauran Namoda

Bayan isha'i muke haɗuwa a tsohon ɗakin tikiti,
mu goma sha ɗaya, da fitilar caji mai lumshe ido.
Allona murfin kabad ne da aka shafe da baƙin batir,
allina guntu, ina tattalinsa kamar ɓarin goro na ƙarshe.

Na ce musu: A Hausa aikatau dattijo ne,
ba ya sauya riga don gari ya waye.
Ya zo, zai zo, yakan zo,
ɗan rakiyar da ke gabansa shi ke riƙe da agogo.
Bature kuwa aikatau ɗin ya ɗora wa kayan.
In jiya ce, a ɗinka masa wutsiya,
walk ya koma walked, yana jan ta a ƙasa.
In ana cikin yi ne, a rataya masa ing,
ƙararrawa ce, ba ta shiru sai aiki ya ƙare.
In gobe ce, will ya shige gaba
kamar ɗan kamasho a bakin tasha.

Dije mai ƙosai ta ɗaga hannu yana sheƙin mai:
"To go fa, Malam? Jiya na sa masa wutsiyar
ka yanka ni da jan biro."
Na ce: Kowane gida da kangararrensa.
Go in ya kwana sai ya tashi went,
ko uwar da ta haife shi ba ta shaida shi.
Aka yi dariya har benci ya yi ƙara.

Baba Jatau bai yi ba.
Shekara talatin ya yi yana juya layin dogo,
jan ƙyalle a hagu, kore a dama.
Takardun fansho suka kawo shi aji,
ya gaji da biyan yaro ya karanta masa abin da ba ya zuwa.

Na rubuta layi biyu, allin yana kuka:
The train went.
The train has gone.

Ya matso da fitila, ya duba, ya sake dubawa.
"Duka biyun ai ya tafi ne. Me ya raba su?"
Na ce: Na sama an gama da shi, Baba,
an shafa fatiha, an naɗe tabarma, kowa ya watse.
Na ƙasa ma ya tafi, amma sawunsa na nan,
mai rakiya bai bar bakin hanya ba.
Has ɗin nan igiya ce,
bakinta ɗaya a jirgin, ɗayan a ƙafar yau.

Ta taga muna jin awaki na tuƙa a kan layi,
inda dā buhunan gyaɗa ke tsere wa rufin tasha tsawo.
Wani yaro ya wuce yana gara taya.

Baba ya lasi bakin fensir,
ya sunkuya har gemunsa na share takarda,
ya kwafi na ƙasa, harafi harafi,
g ɗinsa ta karkace kamar ƙugiyar tarago.
Na ce: Saura na saman.
Ya rufe littafi. "Wannan ba nawa ba ne."

Ina goge allo ya tsaya a ƙofa da takalmi a hannu.
"Na goben nan, mai ɗan kamasho, yaushe za mu kai shi?"
Na ce: Ran Laraba, in Allah ya kai mu.
"Shi Bature yana sa in Allah ya so a cikin nasa?"
Na ce ban gani a littafin ba.
Ya jinjina kai, ya zura takalmi ɗaya.
"To ka bar mini fili a layin. Ni zan sa."

Fitila ta ƙarasa mutuwa kafin in sami kwado,
na kulle ɗakin da lalube.