Littafi Mai Jan Bango

Shekara goma sha ɗaya ina tuƙa bas ɗin lantarki a Valparaíso,
daga bakin tashar jiragen ruwa zuwa kasuwa,
ina kallon gidajen da suka maƙale a jikin tuddai
kamar shanya mai launi-launi,
ina ɗora peso bisa peso
a asusun da ko ƙanwata ba ta san da shi ba.

Da kuɗin suka yi kauri
ban nufi dillali ba tukuna.
Na sayi littafin rubutu mai jan bango,
na sayi takalmi mai jure tafiya.

Shafin farko, farashi.
Gida ashirin da uku da aka sayar bana a tudu uku:
kuɗin da aka rubuta a allo,
da kuɗin da aka biya bayan an turo ƙofa.
Ratar da ke tsakaninsu
bas ɗina zai ratsa ta bai goga ba.

Arancibia dillali ya kai ni wani shuɗin gida,
bakinsa kamar an ɗiga masa zuma.
"Dubi teku," in ji shi. Na duba.
Teku na nan, ba ya cikin ciniki.
Na juya na dubi bango
inda aka shafe tsaga da sabon fenti
kamar mai rufe miki da hoda.

Na koma ranar Talata, ana ruwa, ni kaɗai.
Matakala ɗari da arba'in da biyu, na ƙirga,
ruwa na bin su kamar madatsa ta ɓalle.
Na koma ƙarfe biyun dare:
karnuka bakwai, gidan rawa ɗaya,
fitilar titi ta mutu tun bara.
Da safe na roƙi maƙwabciya in murɗa famfonta.
Ya yi tari sau biyu, ya yi shiru.

Ita maƙwabciyar, Herminia,
ta zaunar da ni, ta zuba shayi, ta yanka burodi.
"Ya gaya miki zancen wuta?"
Bai gaya min ba.
"In iska ta taso daga dajin sama
motar kashe gobara ba ta shiga lungun nan.
Sau biyu ina gudu da hoton mijina a hammata."
Hannuna na rawa, amma na rubuta.

Yini biyu na yi a layin ofishin rajistar filaye.
Takarda ta ce gidan na magada biyar ne,
huɗu sun sa hannu,
na biyar yana Suwidin, ba ya ɗaga waya.
Banki ya faɗi kuɗin ruwansa, shekara ashirin da biyar.
Na buga lissafi a bayan tikitin bas,
na ga ranar da zan gama biya
da sanda zan hau matakalar nan.

Ƙanwata ta ce na cika tone-tone,
kafin in gama awo wani ya kwashe.
Gaskiyarta.
Ranar Juma'a wasu daga Santiago suka saye shi,
ko bango ba su ƙwanƙwasa ba.
Na ji zafi, ba zan ɓoye ba.
Kwana uku in na zo wucewa
titi kawai nake kallo.

Wanda na saya ba ya shiga hoton kowa.
Ɗaki biyu a ƙasa, bayan kasuwa,
tagarsa na kallon bangon gidan burodin Baldomero,
teku sai dai iska ta kawo min gishirinsa.
Amma ƙasa ta girgiza sau uku a ƙarƙashinsa
ko kofi bai faɗo daga kanta ba,
haka mai shi ya ce,
na tambayi mutum huɗu, bakinsu ya zo ɗaya.
Suna ɗaya ne a takardarsa.
Famfonsa kuwa da ƙarfi yake magana.

Littafin na kan firji, saura shafi shida.
Jiya abokin aikina Eleuterio ya zo aro,
matarsa ta ga wani gida mai kallon teku.
Na miƙa masa,
na ce ya fara daga shafin Herminia,
kuma ya sayi takalmi.