Kuza a Bakin Teku

Malama Morwenna ta ce mu durƙusa.
Mu goma sha ɗaya, kowa da hular kwano,
a gaɓar Pendeen, inda ƙasa ta ƙare,
teku na ta tari a ƙarƙashinmu
kamar tsohon da ya ƙi asibiti.

"Kar ku tambaye ni, ku tambayi dutsen.
Ya girme ni, kuma bai iya ƙarya ba."

Na ɗora masa gilashi.
Abin da na ɗauka ruwan toka ne
ashe kasuwa ce ta ci:
ga fari kamar gishiri, ga mai kama da haƙorin akuya,
ga baƙi mai walƙiya irin na kwalli.
Ta ce wuta ce ta huce a hankali,
can ciki, ba iska, ba mai fifita,
shi ya sa ƙwayoyinsa suka sami sukunin girma.
Wanda ya huce da gaggawa
ba a ganin ƙwayarsa.
Na rubuta, na ja layi a ƙasa,
don na san mutane irin haka.

Ga wani can, shimfiɗa kan shimfiɗa
kamar tabarmi a gidan mai yawan baƙi.
Laka ce ta kwanta a gindin ruwa,
wata ta hau ta, wata ta hau,
zafi ya zo ya gasa ta
har ta manta sunanta na yanka.

Sai ta nuna jijiya,
siririya, ta ratsa dutsen a karkace.
Ruwan zafi ne ya bi tsaga,
ya sauke kayansa, ya wuce:
tagulla a nan, kuza a can.

Da Turanci ta faɗa.
Da Hausa ta same ni.

Kakana Jatau ya ɗauki kwano a Bukuru
shekara ashirin da biyu.
Tsakiyar kansa ba gashi, kuma ba tsufa ba ne.
Yakan wanke ƙasa har baƙin yashi ya kwanta,
a auna, a ƙirga masa sulalla,
jirgin ƙasa ya tafi da sauran.
Bai taɓa tambayar inda ake kai shi ba.
Ya bar mana kwanon da ya huje
da kududdufi mai koren ruwa
wanda ake hana yara zuwa.

Jowan, mai riƙe min igiyar awo,
ya nuna bututun hayaƙin da ya mutu a tsaye.
Ya ce nasa kakan ta nan yake sauka,
ya bi rami har ƙarƙashin teku,
in ruwa ya fusata
yana jin duwatsu na birgima a saman kansa.
Na ce, "Me ya bar muku?"
Ya ce, "Fitilar goshi. Da tarin da muke ji ta bango."

Igiyar ta saki a tsakaninmu.
"Mita huɗu da rabi," ya ce can daga baya.
Na rubuta.

Yanzu wai wani ƙarfen ake nema,
na batirin waya da na mota.
Malama ta ce arzikin ƙasa ba gona ba ne,
ba ya tsirowa baɗi.
Abin da ta tara a shekaru miliyoyi
mukan kwashe kafin jika ya yi gemu.
"Wannan ba zai fito a jarrabawa ba,
amma ku riƙe."

Ruwa ya sauko, muka ruga mota.
A aljihuna akwai 'yar tsakuwa
wadda nauyinta ya fi girmanta.
An ce mu liƙa mata takarda:
wuri, kwanan wata, suna.
A wajen suna na sa kuza.
Malama ta zagaye kalmar da jan biro,
ta yi alamar tambaya.

Gobe zan yi mata bayani.
In ta ba ni lokaci,
daga Bukuru zan fara.