Faifan Cuku, Rana ta Uku

Kwana uku da Layya a Marwa,
haƙora sun gaji.
Soye, gashi, ragadada, kai da ƙafa,
har ƙudan unguwarmu ya koyi yanga,
yana wuce tsoka bai waiwayo ba.
Na ce wa Lantana, yau tukunyar nama ta huta.
Ta ce, to baƙin La'asar fa, iska za su tauna?

Na sauko da faifan Inna daga bango,
wanda ta ɗinka shekarar da Kaliyawo
ya kawo ruwa har bakin zaurenmu.
Gefe guda ya zare.
Na juya wajen ya fuskance ni,
kada baƙo ya gani.

Cuku uku gare ni.
Na farko na Jaratu ne, mai kawo nono daga Miskin.
Tun asuba ta ɗaure shi da ruwan tumfafiya,
fari sol, yana zubar da hawaye a ƙwarya.
Rabi na soya har ya yi bayan masa,
rabi na bar masa farinsa da ɗan gishiri.

Na biyu ya sha hanya.
Birema direba ya zo da shi daga Injamena ta Kusiri,
a naɗe cikin tsumma a aljihun mota,
busasshe, falale, da sawun tabarma a jikinsa,
yana ƙanshin awaki da rana.
Wuƙa ta gwada, ta ba da haƙuri.
Sai da na ba shi taɓarya biyu
kafin ya yarda ya zama jama'a.

Na uku, Allah na gani, na kanti ne,
mai kusurwa uku cikin takardar azurfa.
Don yara na saya.
Haka dai na ce.

Zumar Gaundare a murfin kwano, a tsakiya,
baƙa, mai ɗacin hayaƙi can ƙasan zaƙinta.
Dabinon Faya na tsaga, na cire ƙwallo,
na cusa farin cuku a gurbin.
Gyaɗa marau-marau ta cike ramuka.
Burodi dogo na karya da hannu,
Lantana ta ce in yanka, na ƙi.
Ta faki idona ta jera kilishi a gefe.
Na ce ba nama!
Ta ce kilishi ba nama ba ne, magana ce.

Sau huɗu ina tayar da dabino ina sake masa wuri.
Fari kusa da fari bai yi ba,
zuma ta ɗiga inda ban aike ta ba.
Na ja da baya har gindin darbejiya na duba:
ya yi kama da kasuwar Litinin daga kan dutse,
kowa da rumfarsa, kowa na taɓa kafaɗar wani.

Sai sallama.
Baffa Hamajoɗa da sandarsa, Madam Mayramu ta makaranta,
Birema da 'ya'yansa biyar, ni da na ƙirga uku.
Aka yi shiru a kan faifai,
irin shirun da ake yi wa sabon jariri
kafin a ce da wa ya yi kama.

Baffa ne ya fasa.
Ya ɗauki busasshen, ya tsoma a shayi,
ya jira, ya jira,
ya sa a dasashi ya lumshe ido.
Ya ce, rabona da wannan tun ina bin shanu da ƙafa.
Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Aikin yini guda,
kafin shayi na biyu ya tafasa an rushe min kasuwa.
Zuma a haɓa, gyaɗa a tabarma,
autar Birema ta murɗa takardar azurfa
ta yi zobe, ta sa mini a ɗan yatsa.

Da Magariba na kakkaɓe faifan.
A inda ya zare, zuma ta shiga ta manne kaba da kaba.
Ban wanke wajen ba.
Na mayar da shi bango haka.
Tururuwa ma baƙi ne, kuma Sallah ba ta ƙare ba.